Wa zai yi mini shaida: Onarabul ko malamin da ya manta da ni?

Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya tare da iyali. Ni 'yarki ce daga unguwar Aboabo a nan Kumasi, ƙasar Ghana. Na kammala digirin farko a fannin kimiyyar siyasa a wata jami'a ta ƙasar nan shekara huɗu da suka wuce, na yi hidimar ƙasa, kuma yau shekara uku ke nan ina aikin akawu a ofishin wani lauya a Adum. Yayana da ke zaune a Bronx, a birnin New York, ya daɗe yana ƙarfafa mini gwiwa in nemi gurbin karatun lauya a Amurka, har na fara shirin LSAT, wato jarrabawar neman shiga makarantun lauya na can. Abin da ya hana ni barci yanzu shi ne wasiƙun shaida da makarantun suke nema. A jami'a mun fi mutum ɗari uku a aji, ni kuma ba mai yawan magana ba ce, don haka ba na jin akwai malamin da zai tuna da ni. Na aika wa biyu saƙo. Ɗaya bai amsa ba yau mako uku, ɗayan kuma, wanda shi ne ya duba kundina na kammala digiri, ya ce in rubuta wasiƙar da kaina in kawo ya sa hannu. Baba ya ce kada in wahalar da kaina, domin kawuna yana da kusanci da wani ɗan majalisa, limamin unguwarmu ma zai rubuta, kuma a ganinsa wasiƙar Onarabul ta fi ta kowane malami nauyi. Maigidana na ofis kuwa ban ma gaya masa ina shirin tafiya ba, saboda ina tsoron ya sallame ni tun kafin in samu gurbin. Ba na son in saɓa wa Baba, ba na kuma son in ɓata damata. Don Allah ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya kuma saka wa yayanki da alheri.

Matsalolin da kika lissafa suna da yawa, amma a ganina tushensu ɗaya ne, wato mutanen gidanku, har da ke kanki, kuna kallon wannan wasiƙa kamar takardar alfarma, irin wadda babban mutum yake ba yaro ya kai wani ofis a buɗe masa ƙofa. Alhali kuwa shaida ce, kuma ke da kika shekara uku a ofishin lauya kin fi ni sanin abin da kotu take yi da mai shaidar da ya miƙe ya ce “an gaya mini”. Dokar Shaida ta Ghana ta 1975, wadda lauyoyi suke kira NRCD 323, ta kafa ƙa'ida cewa ba a karɓar shaidar ji-ta-ji-ta sai a wuraren da doka ta togace. Mutanen da za su karanta takardunki a can lauyoyi ne, ko waɗanda suka daɗe suna zaune cikin lauyoyi, kuma da wannan idon suke duban kowace wasiƙa: mene ne wannan mutumin ya gani da idonsa, tsawon wane lokaci ya gan shi, kuma a wane matsayi? Gani ya kori ji.

Ki duba abin da ke gaban masu tantancewa kafin su buɗe wasiƙun. Suna da sakamakonki na jami'a, suna da makin LSAT wanda ake ƙirga shi daga 120 zuwa 180, suna da rubutun da kika yi na gabatar da kanki. Duk waɗannan ko dai lambobi ne, ko kuma maganar bakinki ce. Abin da suka rasa shi ne wani mutum na daban da ya ga yadda kanki yake aiki, wanda zai iya cewa wannan yarinya takan karanta dogon rubutu ta tsamo hujjar da ke cikinsa, takan rubuta abin da ya tsaya da ƙafarsa, kuma idan aka nuna mata kuskure takan gyara ba tare da ta ɗauki zafi ba. Karatun JD, wato digirin lauya na Amurka, shekara uku ne na karanta hukunce-hukuncen kotu ba dare ba rana, don haka tambayar da suke son a amsa musu ita ce ko za ki iya ɗaukar wannan kaya. Onarabul, duk girmansa, bai taɓa karanta layi ɗaya da kika rubuta ba. Iyakar abin da sakatarensa zai iya bugawa shi ne ke 'yar gidan mutunci ce daga mazaɓarsa, kuma irin wannan wasiƙa takan bar wa mai karatu tambaya marar daɗi a zuci: shin duk shekarun da ta yi a jami'a da wurin aiki ba ta samu ko mutum biyu da suka san aikinta ba?

Sannan gurbin wasiƙun ƙididdigagge ne. Yawancin makarantun lauya na Amurka biyu suke nema, wasu su yarda a ƙara zuwa uku ko huɗu. Harvard, alal misali, tana neman biyu, tana karɓar ta uku, tana kuma ba da shawarar a samu aƙalla ɗaya daga wanda ya koyar da mai nema, ita kuwa Yale ta fito fili ta ce ta fi son na malaman jami'a. Duk gurbin da kika cika da wasiƙar alfarma kin hana wani mai shaidar gaskiya wurin tsayawa.

Yanzu ga batun da ya fi damunki, cewa malamai sun manta da ke. Na yi shekaru ina koyarwa, na kuma rubuta irin waɗannan wasiƙu da yawa, don haka bari in faɗa miki yadda abin yake daga wancan ɓangaren tebur. Gaskiya ne malami ba ya riƙe fuskar mutum ɗari uku, kuma sunan da ya iso masa a waya bayan shekara huɗu sau da yawa ba ya tuna masa komai. Amma malami yana tuna aiki. Idan kika ajiye masa kundin da ya duba, da jan biron da ya bi shafukan da shi, cikin minti biyar zai dawo cikin maganar, har ya fara tuna inda kuka yi gardama. Saboda haka kada ki je wurinsa da sunanki kawai. Ki haɗa kwafin kundinki, da cikakken sakamakonki wanda kika ja layi a ƙarƙashin darussan da ya koyar da ke, da duk wani aikin gida da ya ba ki maki mai kyau idan kin adana, da taƙaitaccen tarihin karatunki da aikinki, da daftarin rubutun gabatar da kai, da jerin makarantun da ranakun da suke rufe karɓar takardu. Wanda ya duba kundinki shi ne shaidarki na farko, domin shi kaɗai ne ya zauna da ke ku biyu, ya ga babi na farko a gurguje ya kuma ga abin da ya zama bayan gyara. Na biyu ki nemo shi cikin waɗanda kika ci darasinsu da kyau, musamman darasin da aka yi rubutu mai yawa a cikinsa, ko kuma wanda ya koyar da ke fiye da sau ɗaya. Matsayinsa a jami'a ba shi ne abin dubawa ba, ƙaramin malamin da ya san aikinki ya fi farfesan da ya san sunanki kawai. Idan kuma wanda ya fi saninki mai taimaka wa malami ne da yake gudanar da ƙananan ajujuwan bita, to ana iya roƙonsa ya ba babban malamin bayanin abin da ya gani, ko su sa hannu tare. Malamin da ya yi ritaya ko ya koma wata jami'a bai fita daga lissafi ba, kuma ma'aikatan ofishin sashe galibi sun san inda kowa yake.

Wanda bai amsa saƙonki ba kada ki ɗauka ƙi ya yi. Mako uku ba komai ba ne a wurin mutumin da takardun jarrabawa suka taru a gabansa. Ki nemi izinin rabin yini a ofis, ki hau mota ki je da kanki a ranar da yake ganin ɗalibai, ki gaishe shi, ki gabatar da kanki da shekarar da kika gama da darasin da ya koyar da ke, sannan ki miƙa takardunki. Ki guji saƙon murya na WhatsApp cikin dare. Akwai kuma yadda ake yin tambayar. Kada ki ce “Malam, za ka rubuta mini wasiƙa?” domin kusan kowa zai ce to don kunya, ya kuma rubuta layi huɗu marasa gishiri. Ki ce masa, “Malam, kana ganin ka san aikina sanin da za ka iya rubuta mini wasiƙa mai ƙarfi?” Da wannan kin buɗe masa ƙofar fita cikin mutunci, kuma idan ya yi jim, ko ya fara cewa lokaci ya yi masa ƙaranci, ki yi godiya ki nemi wani. Wanda ya ƙi a fili ya yi miki alheri fiye da wanda ya amsa da rabin zuciya.

Akwai wani abu da ya kamata ki faɗa wa malamanki cikin ladabi, don da yawa daga cikinmu da irin takardar shaidar da shugaban sakandare yake bayarwa muka saba: ɗaliba ce mai ladabi, mai biyayya, mai ƙwazo, ina ba da shawarar a ɗauke ta. A nan gida wannan yabo ne cikakke. A can kuwa, inda malamai suka saba cika shafi ɗaya ko biyu da misalai, gajeriyar wasiƙa irin wannan takan yi kama da ta wanda ba ya son ya faɗi abin da ke ransa. Ladabi da biyayya ado ne a wurinmu, amma makarantar lauya tana neman wanda zai iya ja da hujjar malaminsa ya kuma kare matsayinsa. Abin da yake amfani shi ne malamin ya faɗi yadda ya san ki da tsawon lokacin, ya ambaci batun kundinki da abin da kika gano, ya kawo misali ɗaya ko biyu na abin da ya gani, sannan ya kwatanta ki da sauran ɗaliban da ya koyar gwargwadon abin da zai iya tsayawa a kansa. Yana da kyau kuma ya bayyana yadda ake ba da maki a jami'arku, domin mai karatu a Amurka ba lallai ne ya san wahalar samun maki mai girma a ajin mutum ɗari uku ba.

Sai maganar da ta fi kowacce haɗari, wato malamin da ya ce ki rubuta ki kawo ya sa hannu. Ban ɗauke shi mugu ba. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare, kuma yawanci gajiya ce da yawan masu nema take kawo ta, wani ma yana ganin gata ya yi miki. Amma kada ki yi. Hukumar LSAC, wadda ita ce take tattara takardun masu neman makarantun lauya a Amurka, ta lissafa miƙa wasiƙar shaida da ba ta gaskiya ba cikin laifuffukan da take bincike a kansu, kuma abin da ta gano takan sanar da makarantun da mutum ya nema. Abin bai tsaya nan ba, domin kafin a ba mutum lasisin aikin lauya a jihohin Amurka sai an binciki halinsa da amanarsa, haka ma a nan gida Dokar Aikin Lauya ta 1960, wato Act 32, ta sa kyawun hali cikin sharuɗɗan shigar da mutum cikin lauyoyi. Ba zai kyautu ki shiga sana'ar da aka gina a kan amana ta ƙofar shaidar zur ba, ko da kuwa duk abin da kika rubuta game da kanki gaskiya ne, saboda ƙaryar tana cikin cewa kalmomin nasa ne. Ko ta fuskar dabara ma abin ba ya tsira. Masu tantancewa suna da rubutun gabatar da kai da kika yi, suna kuma da rubutun gardama da ake yi tare da LSAT wanda ake aika musu, don haka sun san muryarki a takarda. Idan wasiƙar malami ta zo da irin jimlolinki da irin kuskurenki, mutumin da yake karanta ɗaruruwan takardu a shekara ba zai sha wahalar ganewa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ƙari a kan haka, ban taɓa ganin ɗalibar da ta iya yabon kanta yadda malami zai yabe ta ba: ko dai kunya ta sa ta rage, ko tsoro ya sa ta zuba abin da ba wanda zai yarda.

Mafita ita ce ki rage masa nauyin ba tare da kin ɗauke masa aikin ba. Ki koma ki ce masa makarantun sun sharɗanta cewa wasiƙar ta fito daga hannunsa, kuma kina tsoron abin da zai biyo baya a gare ku ku biyu, amma kin shirya masa shafi ɗaya na tunatarwa. A shafin ki jera abubuwan da suka faru kawai, ba tare da yabo ba: darussan da ya koyar da ke da shekarunsu da makin da kika samu, taken kundinki, inda kika je tattara bayanai, babin da ya mayar miki da abin da kika canza, da aikin da kike yi yanzu. Ki roƙe shi minti ashirin ku zauna ya yi miki tambayoyi. Wannan halal ne, kuma malamai da kansu suna son sa, domin abin da yake ba su wahala shi ne tuno bayanai, rubutun kansa aikin rabin sa'a ne ga wanda ya saba. Idan bayan wannan ya dage sai dai ke ki rubuta, to ki yi masa godiya ki bar shi, ko da yake na san rashinsa zai yi miki ciwo.

Yadda wasiƙar take tafiya ma yana da kyau ki fahimce shi tun yanzu don ki iya yi wa malamanki bayani. Ba a hannunki za ta bi ba. A cikin asusunki na LSAC za ki shigar da sunan kowane mai shaida da adireshinsa na imel, hukumar ta aika masa saƙo mai ɗauke da hanyar da zai ɗora wasiƙar ta intanet, daga nan ke kuma ki zaɓi wasiƙar da za ta tafi kowace makaranta. Ma'ana sau ɗaya zai rubuta ko da makaranta goma kika nema, kuma wannan bayani kaɗai yakan sassauta zuciyar malamin da yake tsammanin za ki riƙa dawo masa kowane mako. Ki roƙe shi ya rubuta a kan takarda mai tambarin jami'a, ya sa hannu da kwanan wata, ya kuma yi amfani da imel ɗinsa na jami'a idan yana da shi. Ki gaya masa ranar da kika tura buƙatar, ya duba har cikin akwatin tarkacen saƙonni, domin can irin wannan saƙo yake yawan faɗawa. Sannan ga wani abu da yake yawan cin 'ya'yan zango: sunan da ke fasfo daban, na takardar jami'a daban, wanda malami ya sani kuma na uku, wani wuri an sa sunan uba a gaba, wani wuri an canza harafi ɗaya. Ki rubuta wa kowane mai shaida sunanki daidai yadda yake a asusunki da fasfonki, kuma idan takardunki sun saɓa wa juna ki fara gyaran tun yau.

Za a tambaye ki ko kin yafe haƙƙinki na ganin wasiƙar. Asalin tambayar wata dokar Amurka ce ta 1974 da ake kira FERPA, wadda ta ba ɗalibi ikon duba bayanan da makarantarsa ta ajiye a kansa. Shawarata ki yafe. Wasiƙar da aka san mai ita ba za ta gani ba ta fi samun yarda, kuma idan har kina tsoron abin da mutum zai rubuta a bayan idonki, to tun farko ba shi ya kamata ki roƙa ba.

Maigidanki na ofis kuwa, ina ganin kin ajiye shaida mafi kusa a gefe kina neman na nesa. Mutumin da ya ga aikinki kullum shekara uku, lauya kuma, ya san abin da makarantar lauya take nema fiye da kowa a cikin waɗanda kika ambata. Shi ne zai iya cewa kin riƙe fayiloli ba a taɓa jin sirrin wani ya fita ta bakinki ba, ko kuma ke ce kike zama da zawarawan zango kina fassara musu da Hausa abin da dokar rabon gado ta 1985, wato PNDCL 111, ta tanadar musu, idan har kin yi hakan, ba tare da ya ambaci sunan kowa ko sirrin shari'arsa ba. Tsoronki ba na banza ba ne, akwai masu gida da ba sa son jin yaronsu zai ci gaba. Ke kika san halinsa, ki tuna yadda ya yi da wanda ya bar ofishin kafin ke. Amma ki yi lissafin lokaci. Makarantun suna buɗe karɓar takardu wajen Satumba, karatun kuma sai Agustan shekara mai zuwa, wato kusan shekara guda za ki ba shi ya shirya, wanda ya fi abin da yawancin ma'aikata suke bayarwa nesa ba kusa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma a gari irin Kumasi, inda kawunki ya riga ya san maganar, gara ya ji daga bakinki da ya ji a wurin ɗaurin aure. Ki same shi lokacin da ba ya cikin zafin shari'a, ki fara da neman shawararsa a matsayin wanda ya riga ki bin hanyar, ki bar roƙon wasiƙar ya biyo baya. Idan kuwa kin tabbata mai riƙo ne, ki nemi wani lauya a ofishin da kika yi aiki a ƙarƙashinsa kai tsaye, ko wanda ya kula da ke lokacin hidimar ƙasa.

Saura Baba. Kada ki ce masa wasiƙar Onarabul ba ta da amfani, domin abin da zai ji shi ne kin raina ƙoƙarinsa da na kawunki, alhali shi abin da yake da shi mafi tsada ya miƙo miki, wato mutuncinsa a wurin manya. A duniyar da ya sani kuma ba kuskure ya yi ba, sau nawa takardar babban mutum ta sama wa yaro aiki a ƙasar nan? Ki same shi bayan sallar isha'i, ki yi masa magana da abin da ya sani. Malamanmu suna kawo labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da wani ya zo yana yabon wani mutum a gabansa, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa yin tafiya tare, ko sun taɓa yin cinikin kuɗi, da ya ce a'a sai ya nuna masa cewa ashe bai san shi ba. Ki ce wa Baba makarantun nan irin wannan tambaya suke yi, sun kuma ƙayyade adadin wasiƙun, sun ce daga waɗanda suka koyar da ke ko suka sa ki aiki suke so. Ki tuna masa cewa shi ma ranar da za a nemi aurenki ba zai je wurin ɗan majalisa ya tambayi halin yaron ba, wurin maƙwabtansa da abokan sana'arsa zai aika. Sannan ki ba kowa aikin da ya dace da shi, don kada wani ya ji an ture shi. Karatun lauya a Amurka yana da tsada ƙwarai, kuma ranar da za a zauna maganar tallafi kusancin kawunki da manya zai iya yin rana. Liman kuwa ki je ki gaishe shi ki nemi addu'a. In da kin yi shekaru kina koyarwa a makarantarsa ta Islamiyya yana ganin aikinki, da sai in ce wasiƙarsa za ta iya zama ta uku, amma ba ki faɗi haka ba, kuma sanin da ya yi miki tun kina ƙarama sani ne na uba, ba irin wanda suke tambaya ba.

Game da lokaci, ki ba kowane mai shaida mako shida zuwa takwas. Yawancin makarantun suna duba takardu ne yayin da suke shigowa, ba sa jiran ranar rufewa, saboda haka wanda ya kammala a Oktoba ko Nuwamba yana samun guraben da kuɗin tallafin ba a taɓa su sosai ba, kuma wasiƙa ɗaya da ta makara takan riƙe dukkan takardun mutum. Ki faɗa wa malamai ranar da ta riga ainihin wa'adin da mako biyu, ki kuma roƙi mutum uku ko da biyu kike buƙata, saboda rashin lafiya da tafiya da yajin aiki ba sa sallama. Tuni sau ɗaya bayan mako uku, da wani idan saura kwana goma, ba rashin kunya ba ne, kuma asusunki zai nuna miki wadda ta iso.

Na san tarbiyyarmu ba ta yarda a je wurin babba hannu rabbana ba, amma a wannan karon kada ki riƙa komai, ko turare ko ambulan, domin kyauta kafin shaida tana ɓata shaidar, tana kuma iya jefa malamin cikin abin da dokar aikinsa ta hana. Bayan ya aika, ki rubuta masa godiya, kuma duk yadda sakamakon ya kasance ki sanar da shi. Mu malamai abin da yake mana zafi shi ne mu rubuta wa ɗalibi, daga nan mu daina jin ɗuriyarsa sai ranar da wata buƙatar ta taso. Ke kuwa za ki sake buƙatarsu. Digirin JD shi kaɗai ba ya ba mutum izinin tsayawa gaban kotu a Ghana, sai ya cika sharuɗɗan Majalisar Kula da Aikin Lauya ta ƙasa, kuma idan lissafin kuɗi ya sa kika zaɓi yin LLB, wato digirin farko na lauya, a nan gida a jami'ar Legon ko KNUST ko GIMPA, watarana za ki nemi digiri na biyu ko tallafi irin Chevening na Birtaniya, wanda shi ma masu shaida biyu yake nema. Mutanen nan dai su ne za ki koma wa.

Ki fara da malamin kundinki a wannan makon, tun kafin ki yi magana da Baba, domin idan kika zo masa da labarin cewa malamin jami'a ya riga ya amsa zai rubuta da hannunsa, maganar Onarabul za ta yi sauƙin ajiyewa. Ki gaishe mini da Baba da mahaifiyarki.